Abin da Zan Riƙe Gobe

Daren Juma'a a Nima, an ɗauke wuta,
janareton mai kanti yana tari a bayan gida.
Na baje kayan rawa a kan gado,
fitilar waya a haƙorana, ina dubawa.
Gobe bikin Sahadatu, zaman mata zalla.
Ta ce, "Fuseina, rawar ƙugun nan
da kike koya a Osu wajen 'yar Labanan,
ki yi mana, ko ta minti biyar ce."
Na ce to. To ba ta da nauyi a baki
sai an zo ɗauka.

Ga takobi, aron Madam Nuhad.
Ko albasa ba zai yanka ba,
a ka ake ɗora shi, a juya a hankali.
Amma uwar ango, ɗanta na fari
wuƙa ce ta ɗauke shi a bakin kwata,
bana shekara huɗu.
Ƙarfe mai sheƙi a gabanta ranar guɗa?
Na mayar da shi kube, na tura ƙarƙashin gado.

Ga sanda mai lanƙwasa, an naɗe ta da zare ruwan zinariya.
A Masar, in ji Madam, tsokanar maza ce.
A gidanmu sanda ta Baba Tsoho ce,
da ita yake laluben hanyar masallaci
tun da idonsa ya yi hazo.
In na wulwula ta sama ƙanwarsa na zaune,
ba Masar za ta gani ba.

Fukafukan nan masu walƙiya kuwa,
rumfar a lungu aka kafa ta, taku shida.
Sai in kwashe ɗaurin hajiyoyi uku
kafin kiɗa ya kai rabi.

Mayafin siliki ne ya hana ni sakat.
A aji da shi ake shiga, a sha iska da shi,
sannan a yar.
A yar!
Nan in mace ta yar da mayafi a tsakar taro
labarin zai riga ta isa Mamobi.
Na ɗauka, na ajiye, na sake ɗauka.
To, zai je bikin, amma a kafaɗa zai yini.

Sai Mma ta leƙo, zani a ƙirji,
ta dubi gadon, ta taɓe baki, ta fita.
Na ji ƙarar kwanuka a madafa.
Ta dawo da farantin tallanta,
wanda ya yi shekara ashirin a kanta,
wake da shinkafa, daga ƙofar nan har tashar Tudu.
Tsakiyarsa ta lotsa daidai gammo.
Ta ce, "Da shi na tsallake kwata da cikinki,
na kauce wa torotoro, ko miya ba ta ɗiga ba.
Ke kuma sidi nawa kike biya a koya miki?"

Madam kyandir take jerawa a nata, guda tara.
Mma ta ce leshi da wuta ba sa ga maciji.
Muka zuba goro da alawa,
in kiɗa ya tsaya in durƙusa, tsofaffi su ɗiba.

Na ɗora. Na karkaɗa hagu, ya zame,
goro ya watsu har ƙarƙashin gado, wajen takobi.
Ta yi dariya sai da ta dafa bango.
"Wuyanki ke shisshigi. Bar wa ƙugu aikinsa."
Ta sa yatsa biyu a ƙeyata, ta miƙar da ni,
na sake, na sake,
har farantin ya manta ba kanta ba ne.

Ƙarfe ɗaya saura aka kawo wuta.
Ban san me zan gaya wa Madam ranar Litinin ba.
Mma tana duƙe tana tsintar goro,
tana ƙirgawa, ɗaya ya ɓata.